Yadda ake haɗa ƙofar haske don auna ƙaruwar gudu a ɗakin gwajin fizik

Duk malamin fizik da ya taɓa miƙa wa ɗalibi kurono, wato agogon hannu na auna lokaci, ya ce ya auna lokacin faɗuwar ƙwallo ya san inda gizo ke saƙar. Abin da aka saki daga tsayin mita 1 yana isa ƙasa cikin sakan 0,45, shi kuwa ɗan Adam tsakanin ganin abu da danna maɓalli yana cinye kusan sakan 0,2. Kusan rabin abin da ake son aunawa ya tafi ke nan a yatsa. Ɗalibi biyar, amsa biyar, kowa na rantsuwa tasa ce daidai. Daga nan sai malam ya haƙura ya rubuta lambar littafi a allo, yara su kwafe. Wannan ne ke damuna. Ɗan tarminal zai shiga jarrabawar bak yana warware lissafin gangara da dokar Niyuton ta biyu, alhali bai taɓa ganin lambar ta fito daga aikin hannunsa ba.

Galileyo ya gamu da wannan matsala, sai ya rage wa faɗuwa sauri ta hanyar gangaro da ƙwallo a kan katako, yana auna lokaci da nauyin ruwan da ya zuba daga wani mazubi. A 1638 ya wallafa abin da ya gano. Gangarar tasa har yau ita muke amfani da ita, ruwan ne kawai za mu musanya da ƙofar haske.

Abin da ƙofar ta sani

Siffarta ta harafin U ce. A hannu ɗaya akwai ƴar fitila mai fitar da hasken infirared, wanda idon mutum ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin. A ɗaya hannun akwai idon lantarki mai karɓar hasken. Da zarar wani abu ya gitta ya tare hasken, agogo ya fara ƙirga. Abin na wucewa, agogo ya tsaya.

Malam, ka riƙe wannan tun daga nan: na'urar ba ta auna gudu, balle ƙaruwarsa. Tsawon lokacin da haske ya yi a tare kaɗai ta sani. Gudu kai ne za ka fitar da shi, ka raba tsawon abin da ya gitta da wannan lokaci: v = L / t. Agogon zai ba ka lokaci har kashi ɗaya cikin dubu na sakan, ko ma ƙasa da haka, amma L da hannu ake auna shi, kuma mafi yawan kuskuren wannan aiki ta nan yake shigowa.

Kayan aiki

Ko a babbar makaranta irin Lise Amadu Kuran Daga kake koyarwa, ko a ƙaramar makarantar bayan gari, fara buɗe kabad ɗin ɗakin gwaji kafin ka kashe ko dala. Idan akwai ƙofofi haɗaɗɗu na kamfanoni irin Jeulin, PASCO ko Vernier tare da agogonsu, ka huta, tsallake zuwa sashen kwalin da ke tare haske. Idan babu, haɗa naka ba gagara ba ne. Kana buƙatar allon Arduino Uno ɗaya (ƴar kwamfutar da za ta zama agogonmu), fitilar infirared biyu, idon karɓa biyu da ake kira fototaransisto, rezistans na om 220 guda biyu da na om 10.000 guda biyu, wayoyi, da ƙaramin gilashin nuna lamba ko kwamfuta. Ƙananan kayan nan ka tambayi masu gyaran rediyo da talabijin a Kasuwar Dole. Fitilar kam ana cire ta daga mataccen rimot, kuma tsohon linzamin kwamfuta mai ƙwallo a ciki yana ɗauke da fitila da ido duka. Arduino ɗin in ba a samu a gari ba, a yi saƙonsa daga Yamai ko Kano.

Abu guda da za su iya miƙo maka ka ƙi karɓa: idon nan mai ƙafa uku da ke jikin talabijin yana karɓar saƙon rimot. An ƙera shi ne don haske mai ƙiftawa sau dubu 38 a sakan, ba ya kula da haske tsayayye, kuma yana da jinkiri. Ba zai yi maka wannan aiki ba.

Sai katako miƙaƙƙe mai santsi na mita 1,5, ƴar mota mai tayoyin da ke juyawa ba gardama, ma'aunin milimita na ƙarfe, da salatif baƙi na masu gyaran wuta.

Haɗa ƙofar

Ka sa kafinta ya yanko maka U biyu na katako, faɗin bakin kowanne santimita 5. Ramin fitila da ramin ido a huda su a zama ɗaya, ƙarfen huji ya ratsa hannu biyun a tafiya guda, don su fuskanci juna sak. Wannan ƴar dabara ita ke raba ka da wahalar saiti daga baya.

Doguwar ƙafar fitila ta tafi volt 5 ta cikin rezistans na om 220, gajeriyar ta tafi GND, wato ramin da wuta ke komawa a allon Arduino. Da haka wutar da ke bi ta cikinta kusan miliamfa 17 ce, ba za ta ƙone ba. Shi kuma idon, ƙafarsa ɗaya ta tafi GND, ɗayar ta tafi rami mai lamba 2 na Arduino, sannan daga wannan mahaɗa a ja rezistans na om 10.000 zuwa volt 5. Ƙofa ta biyu haka, amma a rami mai lamba 3. Ba a zaɓi 2 da 3 don ado ba: a Uno su ne ramukan da ke katse duk abin da na'urar ke yi nan take idan haske ya sauya. In ka gama ka ga idon bai amsa ba, juya ƙafafunsa, domin ba duka masana'antu ke bin tsari ɗaya ba. Kowace mahaɗa a liƙe ta da dalma. Wayar da aka murɗe da hannu tana yin aiki a ofis, ta ƙi yi a gaban yara.

Don ka tabbatar fitila na ci, buɗe kyamarar wayarka ka haska ta. Yawancin wayoyi suna nuna hasken a matsayin ɗan ɗigo mai ruwan shuni.

Yanzu maganar rana, wadda a Damagaram ba ƙaramar magana ba ce. Hasken rana cike yake da infirared. Idan ya faɗa wa idon kai tsaye, ko ya dawo daga farin bango, idon zai ƙoshi da haske, kwali ya wuce bai ma sani ba. Maganinsa, ka yanko bututun bik santimita 2 ko 3, ka naɗe shi da baƙin salatif, ka cusa idon can ciki. Bakin bututun ka rufe shi da takardar alminiyam, ka huda da allura rami na milimita 1 zuwa 2. Ƙaramin rami na hana hasken waje shiga, yana kuma siranta zaren hasken, wanda za ka ga amfaninsa nan gaba kaɗan. Teburin gwaji kuma a nisanta shi da taga, idon ya ba ta baya.

Shirin da za a loda wa Arduino gajere ne. Duk lokacin da rami 2 ko 3 ya sauya, a ɗauki lokaci da umarnin micros() a ajiye, sannan a kunna ƴar fitilar allon da ke rami 13 muddin haske na tare. Wannan umarni a Uno yana ƙirga ne da taki na kashi 4 cikin miliyan na sakan, ya fi ƙarfin buƙatarmu nesa ba kusa ba. Sharaɗin kawai, kada shirin ya riƙa rubuta lamba a gilashi mota na cikin tafiya. Ya tara lokutan huɗu tukuna, shiga da fita a kowace ƙofa, in mota ta wuce ya nuna su. In rubuta shiri ba fanninka ba ne, ɗaliban kimiyya da fasaha na Jami'ar André Salifou suna nan kusa, aikin zama ɗaya ne gare su. Ka kuma faɗa wa yara cewa na'urar ɗigo take sawa inda mu muke sa waƙafi, 0.068 ita ce 0,068.

Kwalin da ke tare haske

Nan ne ya kamata ka zauna ka natsu. Za a kafa wa ƴar motar wani kwali a samanta, tsawonsa santimita 5, shi ne zai ratsa ƙofar. Dubi abin da milimita ɗaya ke jawowa: a kwali mai milimita 50, kuskuren milimita 1 kashi 2 ne cikin ɗari a gudu. Da yake lissafinmu gudu sau gudu yake amfani da shi, sai ya zama kashi 4 cikin ɗari a ƙaruwar gudu. Agogo ya yi aikinsa tsaf, almakashi ya ɓata.

Don haka a yanka da reza a jikin ma'aunin ƙarfe, gefe biyun su miƙe, su yi daidai da juna daga sama har ƙasa. Ni na fi son falle na roba mai kauri ko na gwangwani a kan kwalin takarda, saboda zafin Afrilu da Mayu na lanƙwasa shi, raɓar damina kuma ta sa ya yi laushi. Kada kuma baƙin launi ya ruɗe ka. Wasu baƙaƙen ledoji da tawadar alƙalamin maka baƙi ne a idonmu kawai, infirared na ratsa su. Sa abin a cikin ƙofar ka ga fitilar rami 13 ta kama kafin ka yarda da shi.

Akwai kuma abin da yawancin malamai ke tsallakewa. Zaren hasken yana da kauri, kuma idon ba ya jiran a rufe shi duka kafin ya ce an tare. Saboda haka tsawon da ƙofar ke gani yakan bambanta da wanda ma'auni ya nuna. Auna shi haka: shimfiɗa ma'auni a gefen hanyar mota, ka tura motar a hankali da yatsa har fitilar ta kama, ka karanta inda gaban motar yake. Ci gaba da turawa har ta mutu, ka sake karantawa. Bambancin lambobin biyu shi ne L na gaskiya. Mai yiwuwa ka samu milimita 49 ko 51 a maimakon 50. Yi wa kowace ƙofa nata, ka rubuta lambar a jikinta. Wannan aiki ɗalibai ne ya kamata su yi shi da kansu, domin a nan ne suke fahimtar abin da na'urar ke yi.

Kafa gangara

Ɗaga bakin katakon ɗaya da santimita 15. Tsayi 0,15 a raba da tsawo 1,5 ya ba da 0,10, wato sin na kusurwar, kusan digiri 5,7. Ka aza bulo ko littattafan da ba za su zame ba, ka duba da ma'aunin ruwa na magina cewa katakon bai karkata gefe ba, in ba haka ba mota za ta riƙa goga baki. Ja layin tashi. Ƙofar farko ta zauna kamar santimita 30 ƙasa da tsakiyar kwalin, ta biyu santimita 50 ƙasa da ta farko. Wannan tazara daga rami zuwa rami ake auna ta, ba daga katako zuwa katako ba. Ƙofofin su tsaya a miƙe da fuskar gangarar, kuma a ɗaure su da kyau. A ƙarshen hanya a sa soso ko tsumma ya tare motar.

Sakin mota ma da ladabinsa. Yaro in ya riƙe ta da yatsu, ko dai ya tura ko ya ja baya ba da saninsa ba. A tare gabanta da ma'auni, a fizge ma'aunin gaba.

Kafin a saki ta farko, ka sa kowane rukuni ya rubuta hasashensa na ƙaruwar gudu (a) a allo, inda g ita ce ƙaruwar gudun abin da ke faɗuwa: a = g × sin, wato 9,78 × 0,10, kusan 0,98 m/s². In babu hasashe, duk lambar da gilashi ya nuna za su karɓa.

Lissafi

A ce an saki mota, ƙofar farko ta ba da sakan 0,0680, ta biyu 0,0417, L kuma mita 0,050 ne. Gudun farko 0,050 / 0,0680 = 0,735 m/s. Na biyu 0,050 / 0,0417 = 1,199 m/s. Sai a ɗauko dangantakar da suka sani daga aji, inda v₁ da v₂ su ne gudun nan biyu, d kuma tazarar ƙofofin:

a = (v₂² − v₁²) / 2d = (1,438 − 0,541) / (2 × 0,50) = 0,90 m/s²

A maimaita sau biyar a ɗauki matsakaici. Idan wani saki ya fita daban, a tambayi me ya faru kafin a soke shi.

An yi hasashen 0,98 an samu 0,90. Kada ka bari wani ya ce na'ura ta yi kuskure, kada kuma ka bar su su gyara lamba don ta dace da littafi. Wannan giɓi shi ne darasin. Gogayyar gindin tayoyi ta ci wani abu, juyawar tayoyin kansu ta ci wani abu. In kana so su gani ƙarara, gangaro da ƙwallon ƙarfe a kan hanyar: ƙwallo cikakke mai mirginawa kashi 5 cikin 7 kawai yake samu na g × sin, wato kusan 0,70. Sai dai ƙwallo na da tarkonsa, dole haske ya ratsa ta tsakiyarsa daidai, in ya bi ta sama ko ta ƙasa kaɗan tsawon da aka tare ya gaza faɗin ƙwallon.

Akwai hanya ta biyu, a = (v₂ − v₁) / T, inda T shi ne lokacin tafiya tsakanin ƙofofin. Ta fi sauƙin bayani ga ƴan aji na ƙasa, kuma kuskuren kwali bai ninku a cikinta ba. Amma a kula. Gudun da ƙofa ta bayar matsakaici ne, ya dace da tsakiyar lokacin da aka tare haske, alhali agogo da yawa daga shigar kwali ƙofar farko zuwa shigarsa ta biyu suke ƙirgawa. A misalinmu agogo zai nuna kusan 0,530. A ƙara masa rabin lokacin ƙofa ta biyu, a cire rabin na farko: 0,530 + 0,021 − 0,034 = 0,517. Da 0,517 amsa ta fito 0,90. Da 0,530 kuwa 0,875 za a samu, a yi ta neman laifi a tayoyi.

Wanda ke da ƙofa ɗaya tak, ya yanka kwali mai fukafuki biyu da sarari a tsakani. Kowane fiffike ya ba da gudu ɗaya, lissafin bai sauya ba, sai dai d ta zama tazarar da ke tsakanin tsakiyar fukafukan biyu.

Ga ƴan tarminal, a riƙa matsar da ƙofa ta biyu: santimita 20, 30, 40, 50, 60. A zana v₂² a tsaye, d a kwance. Ɗigogin su jeru a layi miƙaƙƙe, karkatar layin kuma 2a ce.

Dokar Niyuton ta biyu

Kayan nan dai su ne. Sauke gangarar har ta kusa kwantawa, ka ɗan tura motar, ka riƙa gyara tsayin har ƙofofin biyu su ba da lokaci ɗaya. A nan gangara ta biya gogayya. Ɗaura zare a gaban mota, ya bi ta kan puli, ƴar tayar da zare ke bi, a bakin tebur, ka rataya masa ƙaramin nauyi. A ce mota da duk ƙarafan da ke kanta da wanda ke rataye sun haɗa giram 500. Giram 10 a zare ya kamata ya ba da 0,010 × 9,78 / 0,500, kusan 0,20 m/s². Don ƙara ƙarfin ja, daga kan motar ake ɗauko ƙarfe a mayar zare, jimillar ta tsaya a 500. Abu biyu ke ɓata wannan gwaji: zare ya ratsa ta gaban ido, ko nauyin ya taɓa ƙasa kafin kwali ya gama wuce ƙofa ta biyu.

Auna g kai tsaye

Wannan shi yara suka fi so. Nemi falle na roba mai kama da gilashi, tsawon santimita 40. Manna masa layukan baƙin salatif takwas a gicciye, daga gaban wannan layi zuwa gaban na biye santimita 5 cif. Kwantar da ƙofa ɗaya a bakin tebur, a sa matashi a ƙasa, a kashe fanka, a rufe taga in lokacin hunturu ne iska na kaɗawa. Riƙe fallen ta sama da yatsu biyu, ya rataya a miƙe, ka sake shi. Shirin ya ɗauki lokacin shigar kowane layi kaɗai. Kyawun wannan hanya, tunda gaba da gaba ake ƙirgawa, kaurin zaren haske ya fita daga lissafi. Kowace tazara ta ba da gudu ɗaya, 0,05 a raba da lokacinta. A zana gudu da tsakiyar lokacin kowace tazara, karkatar layin ita ce g. In fallen ya faɗi a karkace amsa takan haura, a sake.

Littattafai 9,81 suke rubutawa, lambar da ta dace da ƙasashe irin Faransa. Ƙarfin jan ƙasa yana tashi daga kusan 9,78 a layin da ya raba duniya arewa da kudu zuwa 9,83 a ƙuryoyinta biyu na can arewa da can kudu. Zinder tana wajen digiri 13,8 arewa, tsayinta kuma ya haura mita 400 a kan teku, don haka namu kusan 9,78 ne, shi ya sa na yi ta amfani da shi a sama. Ƙofar da aka haɗa a gida da wuya ta raba 9,78 da 9,81. Rukunin da ya samu tsakanin 9,6 da 10,0 ya yi aiki mai kyau, a faɗa masa haka a gaban aji.

In abu ya ƙi

Fitilar rami 13 ta kama ta ƙi mutuwa: ko fitilar infirared ba ta ci, ko ƙura ta toshe ramin allura. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ko'ina, a hura ramin kafin kowane darasi, bayan darasi kuma a rufe ƙofofin cikin roba mai murfi. Ta ƙi kamawa sam: hasken rana ne, ko kwalin na barin haske ya ratsa. Saki ɗaya ya ba da lokuta fiye da huɗu: waya ta saki, ko hannun wani ya gitta, ko kwali na rawa a kan mota. Lokutan suna ta ƙaruwa daga saki zuwa saki: yashi ya shiga gindin tayoyi, a goge su tare da katakon.

Batun kuran kuma, kada ka jingina darasinka da soket. Arduino volt 5 yake ci ta USB, batirin cajin waya na aljihu ya ishe shi yini guda. Wasu daga cikin baturan nan suna kashe kansu in suka ji abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, don haka ka jona naka tun jajibiri ka bar shi minti goma ka gani. In ya mutu, ka nemi wani, ko ka jona ta kwamfutar hannu.